Me ya sa bakteriyar da ta yi wata uku a firiza ba ta ba da kumburi irin na farko ba?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibar digiri na biyu ce a nan Samaru, ina gwada ruwan sassaƙen wata bishiya a kan kumburin da bakteriyar E. coli ke haddasawa a jikin ɓeraye. A watan Janairu na yi musu allurar bakteriyar a kogon ciki. Waɗanda ban ba maganin ba suka kwanta kwana biyu zuwa uku, waɗanda na ba kuma suka fi su kuzari ƙwarai. A Afrilu na maimaita da kwalbar bakteriyar nan dai da na ajiye a firizar ɗakin gwaji, na daidaita duhun ruwan da ma'aunin McFarland kamar yadda na yi da farko. Ɓerayen suka yi laushi na 'yan sa'o'i, kashegari duk suna cin abinci, da masu magani da marasa magani. Maganina ne ya lalace, ko ɓerayen ne suka bambanta?

Amsa: Barka kadai, 'yata. Kafin ki zargi sassaƙen ko ɓerayen, ki fara da kwalbar. Ruwa ba ya tsami banza, kuma abin da kika bayyana shi ne ainihin kamannin gwajin da aka yi da bakteriyar da yawancinta ta mutu a ajiya. Kin ɗauka abu ɗaya kika zuba wa ɓerayen a Janairu da Afrilu, don suna ɗaya ne a jikin kwalbar, duhun ruwan ma ɗaya. A wurin jikin ɓera kuwa abu biyu ne daban.

Ki tuna da manomin da ya ajiye irin masara a rumbu. Idan damina ta zo ya auna mudu guda, mudun nan cike yake ko irin yana da rai ko ba shi da shi. Shi ya sa mai hankali yakan ɗebi ƙwaya ɗari ya shuka a gefe, ya ƙirga nawa suka tsiro. Ma'aunin McFarland da na'urar da ke auna hasken da ya ratsa ruwa duk mudu ne. Suna gaya miki yawan jikkunan bakteriya da ke yawo a ruwan, ba sa bambanta mai rai da gawa. Aka ce McFarland 0.5 ya yi daidai da kusan ƙwaya miliyan 150 a mililita ɗaya, amma wannan lissafi yana tafiya ne kawai idan shukar sabuwa ce. Gwajin tsiro a wurinmu shi ne ki tsarma ruwan mataki-mataki, ki ɗiga a farantin aga, wato daskararren abincin da ake shuka bakteriya a kai, ki ƙirga tarin bakteriyar da suka tsiro ɗigo-ɗigo kashegari, abin da muke kira CFU. Miles da Misra sun bayyana hanyar ɗigon nan mai sauƙi tun 1938, faranti biyu ko uku sun isa.

Sai dai misalin rumbu yana da iyaka, kuma a nan ne gizo ke saƙa. Irin masarar da ya mutu, idan an binne shi, ba ya yin kome a gona. Bakteriyar da ta mutu kuwa ba ta yin shiru a cikin jiki. E. coli tana cikin rukunin da ake kira Gram-negetif, kuma a fatarta ta waje akwai wani sinadari mai suna LPS, wanda Richard Pfeiffer, a ɗakin binciken Robert Koch, ya fara gano aikinsa a shekarun 1890 ya kira shi dafin ciki, endotoksin. Garkuwar jiki tana da mai gadi na musamman da ke jin ƙamshin LPS, sunansa TLR4. Bruce Beutler ne ya tabbatar da haka a 1998 ta hanyar wasu ɓerayen da LPS ba ya yi musu kome, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2011. Mai gadin nan ba ya tambaya ko bakteriyar na numfashi. Da ya ji LPS sai ya buga ƙararrawa: sinadarin kumburi mai suna TNF ya tashi cikin jini ya kai ƙololuwa wajen sa'a ɗaya da rabi, wani irinsa mai suna IL-6 ya biyo baya, dabba ta yi laushi, gashinta ya tashi, ta ƙi abinci. Idan babu rayayyun ƙwayoyi masu yawa da za su ci gaba da hayayyafa, ƙararrawar sai ta mutu da kanta, washegari dabbar ta miƙe. To ba abin da ɓerayenki na Afrilu suka yi ke nan ba?

A Janairu kin ba su LPS tare da runduna mai rai. E. coli a wuri mai daɗi tana ninka kanta kusan kowane minti 20, don haka jikin ɓera ya yi ta yaƙi kwana da kwanaki, kuma a cikin wannan dogon yaƙi ne sassaƙenki ya sami filin nuna kansa. A Afrilu kin ba su LPS kusan daidai da na farko, amma rundunar ta zama tsiraru. Ciwon da ke warkewa da kansa cikin dare ɗaya ba zai nuna bambanci tsakanin mai magani da marar magani ba.

Bayan haka, garkuwar jiki tana iya gane rai kanta. A 2011 ɗakin binciken Julie Blander a birnin New York ya nuna cewa saƙon RNA na bakteriya, wato sinadarin da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin a cikinta, wanda ke rugujewa da sauri bayan ta mutu, shi ne ɗaya daga cikin alamun da jiki ke amfani da su wajen sanin cewa maƙiyin na raye. Idan alamar na nan, ana samun wasu sinadaran garkuwa, IL-1 beta da intaferon, da yawa fiye da yadda matacciyar bakteriya ke jawowa. Ma'ana, ba ƙarfin kumburin kaɗai ajiya ke canzawa ba, har da irinsa. Wanda ya auna TNF kawai zai iya cewa gwaje-gwajen biyu sun yi kama, wanda ya auna IL-1 beta ya ce sam ba su yi ba, kuma dukansu gaskiya suka gani.

Akwai kuskure na biyu da ɗalibai masu ƙoƙari ke faɗawa, ina so ki kiyaye shi tun yanzu. A ce kin ƙirga kin ga ɗaya cikin goma ne kawai ya rage da rai. Sai ki ce bari in ninka yawan ruwan sau goma don CFU ya koma daidai da na Janairu. Rayayyun sun daidaita, amma kin loda wa ɓeran gawarwaki tara a kan kowace ƙwaya mai rai, wato LPS ninki goma. Irin wannan dabba tana iya faɗuwa cikin sa'o'in farko saboda dafin, tun kafin cutar ta kama, ke kuma ki rubuta cewa wannan irin E. coli mai tsanani ne. Allurar bakteriya fuska biyu gare ta, yawan masu rai da yawan duka jikkunan, kuma ajiya ce ke ɓata daidaiton da ke tsakaninsu. Ba a gyara wannan da ƙari ko ragi, sai da sabon shiri.

Yanzu ga abin da firiza ke yi. Idan ruwa ya fara daskarewa, tsantsar ruwan ce ke zama ƙanƙara, gishirin kuma ya taru a ɗan abin da ya rage, ya tsotse ruwan cikin ƙwayar, ga kuma tsinin ƙanƙarar na huda fatarta. Narkewa ma wata azaba ce. Shi ya sa ake zuba gilisarin, wani ruwa mai kauri da ke kare ƙwaya daga ɓarnar ƙanƙara, kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari, wanda Polge da Smith da Parkes suka gano amfaninsa a 1949 a kan maniyyin zakaru. Ko da gilisarin, firizar gida mai digiri 20 ƙasa da sifili ba ta tsayar da kome cak ba, ƙanƙarar na ci gaba da girma a hankali. Firizar da ba ta tara ƙanƙara a bango ta fi muni, don tana ɗumama kanta lokaci-lokaci ta narkar da ƙanƙarar. Ajiya ta gaskiya tana farawa ne daga digiri 80 ƙasa da sifili, ko cikin ruwan naitirojin mai digiri 196 ƙasa da sifili, ko a busar da bakteriyar a daskare ta zama gari.

Ki haɗa wannan da halinmu na Zariya. Tsakanin Janairu da Afrilu an fita daga hunturu an shiga bazara, zafin rana na kusantar digiri 40, wuta na ɗaukewa, janareta wani lokaci babu mai. Firizar da ta kwana biyu ba wuta za ta narke ta sake daskarewa, ranar Litinin ki buɗe ki ga kome tauri kamar ba abin da ya faru. Na taɓa yin aiki a wani ɗakin gwaji inda haka ta faru a hutun babbar Sallah, ba mu sani ba sai bayan mun yi wa zomaye allura muka ga sakamakon da bai da kai bai da gindi. Har yau abin na damuna, domin dabbobin nan sun sha wahala ba a ƙaru da sanin kome ba. Tun daga nan nake sa 'yar kwalba da ruwa rabi, in daskarar da ita, sannan in kifa ta a cikin firizar. Duk ranar da na ga ƙanƙarar ta sauko wajen murfi, na san an narke. In kuna da ƙaramar na'urar da ke rubuta zafi dare da rana ta fi, amma wannan dabara ba ta cin ko sisi.

Kin ce kuma kwalba ɗaya ce. Idan kin narkar da ita a Janairu kika ɗiba kika mayar, to kin riga kin kashe wani kaso tun ranar, ko da wuta ba ta taɓa ɗaukewa ba.

Wani zai ce miki ki bar firiza, ki riƙa sabunta shukar a faranti duk mako. Wannan ma yana da nasa ciwon, kuma ya fi ɓoyuwa, domin ƙwayoyin suna raye, ƙirgen CFU zai yi kyau, amma halinsu ya canza. Bakteriyar da ke zaune a faranti tana cin abinci a sauƙaƙe ba ta bukatar makaman da take yaƙar jiki da su, kuma ƙera makaman na cin ƙarfinta, don haka waɗanda suka yar da su sukan rinjayi sauran. Louis Pasteur ya ga haka wajen 1879 da ƙwayar kwalarar kaji: tsohuwar shukar da ta daɗe a ajiye ba ta kashe kajin ba, ta ma kare su daga sabuwa mai ƙarfi. Ƙwayar nan ita ce Pasteurella multocida da har yau ke addabar kaji da shanu a ƙasar nan. Allurar BCG da ake yi wa jarirai haka aka same ta, Calmette da Guérin suka yi ta sabunta ƙwayar tarin fuka ta shanu sau 230 cikin shekara 13, daga 1908 zuwa 1921, har ta rasa ƙarfin sa cuta. A cikin E. coli ɗin kanta akwai K-12, wadda aka ware daga wani majiyyaci a Kalifoniya a 1922. Shekarun da ta yi a ɗakunan gwaji sun sa ta rasa doguwar jelar LPS da ake kira O-antijin, shi ya sa ruwan jini ke kashe ta nan da nan. Abin da masu yin rigakafi ke nema da gangan, shi ke faruwa ga ɗalibi ba da saninsa ba idan ya yi ta juya faranti wata da watanni. Tambayar da nake fara yi wa duk wanda ya ce "irin ɗaya ne muka yi amfani da shi" ita ce: sau nawa aka sabunta shi tun da ya fito daga dabba ko daga ma'ajiya?

Firji mai digiri 4 ma ba kowa ya karɓa ba. A cikin bakteriya, Listeria tana hayayyafa a cikinsa, Haemophilus da Neisseria suna mutuwa, ƙwayar ciwon huhu ta numokokus kuma idan ta tsufa takan narkar da kanta ta saki dafinta a ruwan. Babu dokar ajiya ɗaya da ta hau kan duka.

Kada ki ɗauka cewa daskararren shiri haramun ne. Idan an yi shi daidai ya fi sabo tabbas, domin duk dabbobin gwajin za su sha daga tukunya ɗaya. Masu binciken safsis, wato yanayin da cuta ke mamaye jiki garkuwa ta rikice, suna amfani da abin cikin hanjin ɓera su dama su yi wa wasu ɓerayen allura. Da can dole a haɗa sabo kowace rana, sakamako ya yi ta hawa da sauka. A 2014 Starr da abokan aikinta a Jami'ar Kentucky ta Amurka suka nuna cewa idan an dama shi da gilisarin kashi 15 cikin ɗari aka ajiye a digiri 80 ƙasa da sifili, bakteriyar na zama da rai aƙalla wata shida. Amma ki lura da sharuɗɗan: sanyi mai tsanani wanda ba ya yankewa, rabawa ƙanana-ƙanana, narkarwa sau ɗaya. Ki lura kuma cewa gilisarin ba ruwan banza ba ne. Mai kauri, kashi 50 cikin ɗari, shi ake yi wa ɓeraye allura a tsoka idan ana son lalata musu ƙoda da gangan. Saboda haka ko dai ki wanke bakteriyar kafin allura, ko rukunin da ba a ba bakteriya ba su ma su sami gilisarin daidai wa daida.

Tunda ba kowane ɗaki ke da irin wannan firiza ba, ga yadda zan yi da ni ne ke. Zan nemi sabon iri daga tushe sananne, misali irin E. coli mai lamba ATCC 25922 daga ma'ajiyar ƙwayoyi ta Amurka, ko wanda aka ware daga dabba marar lafiya aka tabbatar da shi. Rana ɗaya zan raba shi kwalabe 20 ko 30 da gilisarin, in roƙi wuri a firiza mafi sanyi da zan iya samu, ko da a wani sashe ne. Masu aikin barbarar shanu ta allura a Shika sun san hanyar samun ruwan naitirojin, za a iya tambayarsu inda ake samu, amma kada a taɓa sa ƙwayar cuta a tulun da ake ajiye maniyyin bijimai, tulu daban za a nema. Waɗannan kwalabe iri ne, ba na allura ba. Kwana biyu kafin kowane gwaji zan buɗe ɗaya in shuka a faranti, in ɗauki ɗigon da ya tsiro in sa a romon da ake renon bakteriya a ciki, in bar shi sa'o'i iri ɗaya kowane lokaci, domin ƙwayar da ke tsakiyar girma da wadda ta ƙoshi ta tsaya ba sa haddasa kumburi iri ɗaya. In wanke sau biyu da ruwan gishiri marar dafi, in daidaita duhu, in ɗora a kan ƙanƙara, in gama allura cikin sa'a guda. Sannan in ɗiga a faranti sau biyu, kafin ɓera na farko da bayan na ƙarshe. Lambar da farantin ya ba ni ita ce abin da ɓerayen suka samu, ita zan rubuta, ba wadda na yi niyya ba. Kuma ba zan gama da rukuni ɗaya sannan in koma ɗayan ba, zan gauraya su, don kada masu magani duka su zama waɗanda suka sami ruwan da ya fi daɗewa a kan tebur.

In kuma abin da kike son sani shi ne ko sassaƙen na rage kumburi, ba ko yana kashe bakteriya ba, ki yi tunanin amfani da tsantsar LPS da ake sayarwa. Garinsa na daɗewa a firji. Da zarar an jiƙa shi kuwa yana dunƙulewa, yana manne wa bangon gilashi da roba, musamman idan an tsarma shi sosai, don haka a ajiye shi da kauri a ƙananan kwalabe, a girgiza shi sosai kafin a ɗiba, a tsarma ranar allura. Ki sayi wanda zai ishe ki daga lamba ɗaya, domin nau'o'in LPS irin su O111:B4 da O55:B5 ba ɗaya ba ne, har ma gwangwani biyu masu suna ɗaya kan bambanta da ƙarfi. Masu amfani da haɗin Freund wajen jawo kumburin gaɓoɓi su ma abin ya shafe su: busasshiyar matacciyar ƙwayar tarin fuka ce a cikin mai, tana kwantawa a ƙasan kwalba, wanda bai girgiza ba ya ɗebi mai kusan zalla, na ƙarshe kuma ya ɗebi laka.

LPS yana da wata siffa da ta shafi sassaƙenki kai tsaye. Ba ya jin zafi. Tukunyar otokilef, mai dafa kayan aiki da tururi, a digiri 121 na minti 15 tana kashe bakteriya, amma dafin na nan daram, sai busasshen zafi na digiri 250 na rabin sa'a ke lalata shi a jikin gilashi. Ruwan sassaƙen da aka jiƙa tun Janairu, in ya zauna a firjin da wuta ke zuwa tana tafiya, bakteriya na iya tsirowa a ciki su bar dafinsu ko da kin tafasa daga baya. In ta baki kike bayarwa matsalar ba ta da girma, in allura ce kuwa kina iya ƙara wa ɓera kumburin da kike son ragewa. Ki ajiye shi busasshen gari, ki jiƙa na kowace rana.

Ɓerayen ma ban wanke su gaba ɗaya ba. Zafin ɗaki na canza yadda ɓera ke amsa LPS, sanyin Janairu da zafin Afrilu ba ɗaya ba ne, haka shekaru da jinsi da wurin da aka sayo su. Ki duba littafinki a kan waɗannan. Amma gwajin kwalbar ya fi arha, ba ya bukatar dabba ko ɗaya, shi ya sa na ce ki fara da shi. Russell da Burch tun 1959 suka kafa ƙa'idar rage yawan dabbobin gwaji da sauƙaƙa musu wahala, mu kuma tun a gida aka koya mana cewa dabba amana ce.

Kada ki haɗa sakamakon Janairu da na Afrilu a lissafi ɗaya, kuma kada ki jefar da na Afrilu, ki nuna wa mai duba aikinki shi kamar yadda yake. Gobe ki narkar da abin da ya rage a kwalbar, ki daidaita shi zuwa McFarland 0.5, ki yi wa sabuwar shukar kwana ɗaya haka, ki ɗiga su biyun a faranti gefe da gefe, ki kuma yi rinin Gram, wato rinin da ke bambanta rukunonin bakteriya a madubin ƙara girma, don ki tabbatar babu wani baƙo da ya shiga. In kin ƙirga, ki turo mini lambobin biyu tare da ranar da aka fara daskarar da kwalbar da yawan lokutan da aka buɗe ta, sai mu tsara gwaji na uku tare.